Ƙwayar Jiya Da Kakin Gobe

 A wannan wata ina so mu tattauna a kan wata tambaya wadda ta daɗe tana yawo tsakanin iyaye da samarinmu, amma kowa sai ya sassauta murya kafin ya yi ta. Tambayar ita ce: yaron da ya taɓa shan taramol ko tabar wiwi a shekarun baya, ya kuma daina, shin gwamnati za ta yarda ta ba shi kaki da bindiga, ko ta zaunar da shi a ofishin da ake ajiye asirin ƙasa? Ko kuwa ƙofa ta rufe masa ke nan har abada?

Dalilin da ya sa wannan tambaya ta yi nauyi a wurinmu sananne ne. Tun daga ƙarshen 2021 'yan bindiga suka fara kai hare-hare a arewacin ƙasarmu, kuma a 2023 gwamnati ta ba da sanarwar za ta ɗauki sababbin sojoji 5,000 domin tsare iyaka. A ranar 17 ga Afrilu 2025 aka kashe sojojinmu 54 a yankin dajin W, wanda ba shi da nisa da mu. Ƙasa tana bukatar samari masu jin Dandanci da Fulatanci da Hausa, waɗanda suka san hanyoyin daji da mashigan kogi. A ɗaya gefen kuma, rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 ya karya sana'ar 'yan dako da 'yan kabu-kabu da yaran mota masu yawa. Saboda haka duk ranar da aka ce za a ɗauki soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan, sai ka ga samarinmu daga Garou da Madécali da Guéné da nan Toumboutou sun yi cincirindo da takardu a hannu.

To, sai dai kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa daga cikin waɗannan samari sun taɓa ƙwaya. Ba a gidan rawa suka koya ba, a wurin aiki suka koya. Wanda zai yi dashen shinkafa tun safe har yamma cikin laka, ko ya loda buhunan albasa a babbar mota, ko ya kwana yana tuƙa kwale-kwale, sai wani ya miƙa masa ƙwaya ya ce ga maganin gajiya. Taramol magani ne na ciwo mai tsanani, kuma likita yakan ba da mai nauyin miligiram 50 ko 100, ba ya kuma barin mutum ya wuce 400 a yini. Amma wanda ake sayarwa a kan tire ko a bayan keke yakan kai 120 ko 225, har da 250, yaro kuma ya haɗiye uku ko huɗu da shayi. Abin da kan biyo baya mun sha gani: farfaɗiya a tsakiyar kasuwa, da saurin fushi, da rashin barci ranar da ba a samu ba.

Yanzu bari mu duba yadda hukuma take tace mutum kafin ta amince da shi. Ni a ganina rariya uku ce ake zuba shi a ciki, kowace da irin idonta.

Rariya ta farko ita ce ta likita. Ana duba ido da zuciya da ƙarfin jiki, kuma a ƙasashe da yawa har da auna fitsari domin neman alamar ƙwaya. A Nijeriya wannan awo ya wuce kan masu neman kaki ya kai har ga 'yan siyasa, domin kuwa gab da zaɓen ƙananan hukumomin Kano na watan Janairu 2021, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta auna 'yan takara, aka samu 13 daga cikin masu neman kansila da ƙwaya a jikinsu, aka kuma sauya su da wasu. Amma fa wannan rariya gajeren tunani gare ta. Taramol yakan bar fitsari cikin 'yan kwanaki, wiwi kuwa takan kai wata guda a jikin wanda ya saba da ita, awon gashi ma bai cika wuce wata uku ba. Watau wanda ya daina shekara biyu da suka wuce ba shi da abin tsoro a wurin likita.

Rariya ta biyu ita ce ta takarda. Duk wanda ya taɓa haɗa takardun neman aikin gwamnati ya san ana tambayar kaziye, watau takardar shaidar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, kuma dole ta kasance ba ta wuce wata uku ba. A yanzu ana iya neman ta ta intanet ba sai an yi doguwar tafiya ba. Dokar 1997 a kan miyagun ƙwayoyi ta haramta sha da sayarwa, kuma tun 2018 manyan shari'o'in fataucin ƙwaya suna zuwa gaban kotun musamman da ake kira CRIET. Abin da samari da yawa ba su sani ba shi ne, kaziyen da ake ba mutum a hannunsa, watau mai lamba 3, ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani mai lamba 2 wanda hukuma ce take neman sa kai tsaye, kuma ya fi wancan cika. Saboda haka wanda alƙali ya taɓa ɗaurewa, musamman a kan sayarwa ko ɗaukar kaya, ya sani lamarinsa ya bambanta ƙwarai da na wanda ya sha kawai bai taɓa shiga hannu ba. Nan ne ɗan aiken da ake ba yaro, a ce ya tsallaka da ƙunshi a ba shi jika biyu, yake iya cinye masa aikin shekara talatin.

Rariya ta uku ita ce wadda ta fi kowace tsawon hannu, watau binciken ɗabi'a, abin da muka fi sani da anket. Jami'i yakan zo gari ya tambayi mai gari ko mai unguwa, ya tambayi maƙwabta, ya leƙa littafin ofishin 'yan sanda, wani lokaci ya zo har makaranta. Mu malamai an sha tambayarmu halin ɗaliban da suka bar hannunmu shekara goma da suka wuce. Fitsari yana mantuwa, takarda tana iya zama fara fes, amma bakin mutanen gari ba ya mantuwa. Mai shayin da ya ga yaro ya faɗi yana kumfa a 2019 zai iya ba da labarin kamar jiya aka yi.

Wani zai ce, mene ne ruwan gwamnati da abin da yaro ya yi yana ɗan shekara goma sha bakwai? Amsa ita ce gwamnati tana tsoron abu uku. Na farko hankali: wanda ke riƙe da bindiga a shingen hanya da tsakar dare, rayukan fasinjoji suna hannunsa. Na biyu aljihu: mai jarabar ƙwaya albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma mai bashi a wuya shi ne ɗan fasa-ƙwauri ya fi saurin saye. Na uku, wanda ya fi duka haɗari, shi ne asiri. Jami'in da ya ɓoye wani abu game da kansa, duk wanda ya san wannan abu ya riƙe masa igiya. Dilan da ya saba sayar masa zai iya tsayar da shi wata rana ya ce, ko ka bar motata ta wuce, ko ka faɗa mini ranar da za ku fita sintiri, ko kuwa shugabanka ya ji labarinka. A yankin da abokan gaba suke sayen labari da kuɗi, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

A nan ne nake so mu leƙa ƙasar Amurka, domin su sun rubuta ƙa'idojin wannan al'amari dalla-dalla, kowa yana iya karantawa. Duk wanda zai yi aikin da zai ga asirin gwamnatinsu, sai ya cika wata doguwar takarda mai suna SF-86 wadda ta haura shafi 100. A cikinta akwai tambayar ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekaru 7 da suka wuce, da irin ƙwayar, da sau nawa, da ranar ƙarshe. Dokarsu ta 2008 ta hana ba da wannan izini ga wanda yake kan sha a halin yanzu. Amma ga wanda ya sha a da, ƙa'idojin da suka fara aiki a 2017 sun umarci mai bincike ya auna mutum gaba ɗayansa. Ana duba tsawon lokacin da ya wuce, da shekarunsa sa'ad da ya yi, da ko sau ɗaya ne ko al'ada ce. Ana duba ko ya rabu da abokan sha, ko ya daina zuwa wuraren da ake sha, ko ya kammala jiyya in har ya nemi magani. Sa'an nan ana iya sa shi ya sa hannu a takardar alkawari cewa in ya sake, a karɓe izinin. A watan Disamba 2021 shugabar hukumomin leƙen asirinsu ta lokacin, Avril Haines, ta ƙara fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wai can sakaci ake yi. A 1987 alƙali Douglas Ginsburg ya janye daga neman kujerar kotun ƙoli bayan ya bayyana cewa ya sha wiwi har lokacin da yake koyarwa a jami'a. A watan Maris 2021 fadar shugaban ƙasarsu ta tabbatar cewa ma'aikata biyar sun rasa aikinsu bayan binciken da ya shafi ƙwaya. A gefe guda kuma, Barack Obama ya rubuta da hannunsa a littafinsa na 1995 cewa ya sha wiwi har da hodar iblis yana matashi, jama'a suka sani, suka kuma zaɓe shi a 2008, duk asirin ƙasar ya dawo hannunsa. Ba wanda zai iya tsoratar da shi da labarin da shi ya fara bayarwa.

Babban abin lura a tsarin nasu shi ne, laifin ƙarya ya fi laifin sha girma. Wanda ya rubuta ƙarya da gangan a waccan takarda yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, kuma a shari'o'in ɗaukaka ƙara da ma'aikatar tsaronsu take bugawa ba tare da sunaye ba, an sha ganin mutumin da aka yafe wa tsohuwar wiwi, amma aka hana shi izini saboda ya ce bai taɓa ba. Hujjarsu mai sauƙi ce: wanda ya yi wa gwamnati ƙarya ranar da yake neman amana, me zai hana ya yi mata ranar da ya samu? Bahaushe ya riga su faɗa, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu dawo gida. Sanarwar ɗaukar aiki a ƙasarmu takan ce mai nema ya kasance ɗan ƙasa, mai ƙoshin lafiya, wanda ba a taɓa ɗaurewa ba, kuma mai kyakkyawar ɗabi'a. Wannan sharaɗi na ƙarshe kalmomi ne kaɗan, amma buhu ne wanda kowa zai iya zuba abin da ya ga dama a ciki. Wani mai bincike zai ji an ce yaro ya taɓa sha shekara biyar da suka wuce ya ɗauke kai, wani kuma ya ja jan layi a kan sunansa. Daɗin daɗawa, mu Hausawa da muke 'yan tsiraru muna da wata matsala ta musamman. Sau da yawa mai binciken daga kudu yake, ba ya jin harshenmu, sai ya dogara da tafinta ko da mutum ɗaya da ya tarar a ƙofar mai gari. In aka yi rashin sa'a wannan mutum yana da rikicin gona ko na aure da gidan yaron, to kalma ɗaya ta isa. Har ila yau akwai masu yi mana kuɗin goro, da zarar sun ji ɗan kan iyaka ne, sai su ɗauka ɗan fasa-ƙwauri ne.

Saboda haka kirana na farko ga hukumomi ne, da 'yan majalisarmu na Alibori. A rubuta ƙa'ida a fili cikin kowace sanarwa: wace irin ƙwaya ce take rufe ƙofa, shekara nawa na dainawa ake bukata, mene ne bambancin mai sha da mai sayarwa. A saurari shaidu fiye da ɗaya, kuma wanda aka cire sunansa saboda anket a faɗa masa dalili, a ba shi dama ya kare kansa. In aka ce duk wanda ya taɓa ƙwaya sau ɗaya ya haramta har abada, sakamakon da za a samu shi ne kowa zai yi rantsuwar ƙarya, a cika bariki da mutane masu igiya a wuya. Yawan abin ma ya isa hujja. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda a can, kuma kasuwarmu da tasu ɗaya ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙasar da ta yar da duk wanda ya taɓa tuntuɓe, da wa za ta tsare kogi? Kuma saurayin da aka rufe wa kowace ƙofa, mun san akwai masu jiransa a daji da babur da kuɗi.

Kira na biyu ga samari ne. Ɗana, in kana da burin kaki, ka sani ba a fafe gora ranar tafiya. Dainawar mako biyu kafin ganin likita ba dainawa ba ce, domin horon bariki zai tone ka, ko jikinka ya tone ka ranar da ƙwaya ta yanke. Ka daina tun yanzu, ka bar shekaru su taru a bayanka su zama shaidarka. In jikinka ya riga ya saba, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki, domin barin taramol yakan zo da zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci, shi ya sa da yawa suke komawa a kwana na uku. Ka je asibiti a rage maka sannu a hankali, in abin ya yi tsanani akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Paraku da Kwatano, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Ka canja majalisa, domin mai bincike zai tambayi da wa kake zama kafin ya tambayi me kake sha. Kada ka yarda da sababbin ƙwayoyi masu sunaye iri-iri da ake cewa ba taramol ba ne. Bayan Indiya ta tsaurara dokar fitar da taramol a 2018, 'yan kasuwa sun koma haɗa wasu magunguna masu ƙarfi kamar Tafrodol, wanda binciken BBC na watan Fabrairu 2025 ya nuna yadda ake turo shi Afirka ta Yamma. Suna ne ya canja, ramin ɗaya ne.

In kuma ranar ta zo aka zaunar da kai aka tambaye ka, ka faɗi gaskiya a taƙaice: na taɓa, a shekara kaza, saboda aiki kaza, na daina tun lokaci kaza, ga waɗanda za su shaide ni. Ba zan yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta ba ka aikin a wannan karo ba, tana iya sa a ce ka jira. Amma wanda aka ce ya jira yana iya dawowa baɗi, wanda aka kama da ƙarya bayan ya sa kaki kuwa korar wulaƙanci ce, da sunansa a littafi. Ka kuma yi nesa da masu cewa ka kawo jika ɗari su goge maka suna ko su sayo maka sakamakon likita. Kuɗin shinkafar mahaifinka za su tafi, sa'an nan ka ƙara wa kanka wani sabon asirin da za a riƙe ka da shi.

Kira na uku gare mu ne, iyaye da malamai da limamai da masu gari, mu da ake tambaya. Shaida amana ce ta fuska biyu. In muka san yaro har gobe yana sha, muka ce wa mai bincike salihi ne don kunyar ubansa, to mun miƙa bindiga ga wanda zai iya harbin ɗan wani, ko ya sayar da abokan aikinsa. In kuma muka san ya daina shekara huɗu, ya yi aure, yana noma, ba a ƙara jin kansa ba, amma muka tsaya a kan ya taɓa sha muka yi shiru a kan sauran, to mun yi rabin shaida, kuma rabin shaida zalunci ne. Cikakkiyar magana ita ce a faɗi faɗuwar, a kuma faɗi tashin, da shekarar kowanne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu kuma masu alli a hannu, wajibi ne mu fara gaya wa yara wannan tun suna aji shida, kafin su fita hutun damina su shiga gonakin shinkafa, cewa ƙwayar dala ashirin tana iya biyo mutum har ranar da zai nemi aiki.

Daga ƙarshe ina roƙon masu gonaki da masu motoci da shugabannin 'yan dako su ji tsoron Allah. Wanda ya saya wa yaran aikinsa ƙwaya don su gama masa kadada a yini ɗaya, ya ci ƙarfinsu na yau, ya kuma ci rabonsu na gobe.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba matsalar takardar haihuwa da bambancin rubutun suna tsakanin takardun makaranta da na hukuma, wadda ita ma take kayar da 'ya'yanmu tun kafin a kai ga gudu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Wassalam.